Fasto ranar Lahadi, edita ranar Laraba: mutum ɗaya zai iya riƙe amanar biyu?

Ishaya_Kentaki:
Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so manya da masu sani su taimake ni da fahimta. Shekara uku ke nan ina aikin jinya a wani ƙaramin gari a yammacin jihar Kentaki ta Amurka, garin da mutanensa ba su kai dubu uku ba. Inda nake sujada ƙaramar majami'ar Baptis ce a bakin hanyar gonaki, kuma ko ranar da muka cika ba ma wuce mutum arba'in da biyar. Fastonmu dattijo ne da ya haura sittin, kuma shi ne editan jaridar gundumar da ke fitowa sau ɗaya a mako. Daren Litinin yana wurin zaman majalisar gari yana rubuta abin da aka tattauna, ranar Talata yakan kai tsakar dare yana shirya shafuka, Laraba da safe ya ɗauko jaridar daga maɗaba'ar da ke wani gari ya rarraba a kantuna da gidan waya, da yamma kuma ya tsaya gabanmu ya jagoranci taron addu'a.

Jaridar tana da shafin da ake buga sunayen duk waɗanda aka gurfanar a kotu a cikin makon. Kwanan baya aka kama ɗan wani dattijon ikilisiyarmu yana tuƙi a buge. Fasto ya buga sunansa kamar na kowa, a yammacin ranar kuma ya tafi gidansu ya zauna da iyayen har dare. Tun daga ranar iyalin ba su sake zuwa sujada ba. Tambayata ita ce, abin da ya yi daidai ne? Kuma shin aikin makiyayi da aikin ɗan jarida suna iya zama a ƙirjin mutum ɗaya ba tare da ɗaya ya ci amanar ɗaya ba?

Mama_Rifkatu:
Ɗana Ishaya, a ganina taura biyu ba ta taunuwa. Aikin fasto rufin asiri ne, aikin jarida kuwa buɗe abin da aka rufe. Uwar yaron nan ta yi shekaru tana zaune tana jin wa'azin gafara daga bakin mutumin nan, sai kuma ta ga hannunsa ne ya rubuta sunan ɗanta inda dukan gari zai karanta. Ko ni ce, ƙafata za ta yi nauyin komawa. Ban ce ya yi ƙarya ba, amma wanda ya karɓi kiwon tumaki bai kamata a same shi a cikin masu nuna gurguwar tunkiya da yatsa ba.

Tsohon_Wakili_Zariya:
Mama, da girmamawa zan saɓa miki, domin na yi shekara ashirin da shida a aikin jarida kafin in ajiye. Abin da ya shiga kundin kotu ya riga ya fita daga hannun fasto, domin duk wanda ya je ofishin magatakarda zai iya karanta shi. A garin da kowa ya san kowa, labarin kamun yaron ya gama zagaya gari kafin tawada ta bushe. Da editan ya cire sunan, ba asirin yaron zai rufa ba, nasa ne zai tonu, domin washegari mutane za su ce jaridar tana buga sunan ɗan manomi tana ɓoye na ɗan dattijon cocin edita. Daga ranar babu wanda zai ƙara yarda da abin da ke shafin farko. Na taɓa shiga irin wannan halin lokacin da wani surukina ya shiga rikicin fili, aka yi ta aiko mini da manya a kan in sa a janye labarin. Na ƙi, kuma sai da muka yi shekara biyu ba ma gaisawa. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin Malam Ishaya shi ne zuwan da mutumin ya yi gidan a ranar. Da yawanmu mukan buga labari mu kauce wa unguwar na wata guda.

Rabaran_Yohanna:
Ina so in yi bayanin abin da ya sa ake samun irin wannan fasto mai sana'a biyu, domin ba kwaɗayi ne ke kawo shi ba. A tsarin Baptis kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta. Babu bishop da zai turo fasto ko ya ɗauke shi, kuma babu wata hedikwata da ke biyan albashi. Membobi ne suke kiran fasto da ƙuri'a, daga baikonsu, wato kuɗin da suke bayarwa a sujada, suke biyansa, kuma da ƙuri'a suke iya sallamarsa. Ikilisiyar mutum arba'in da biyar, wadda rabinta tsofaffi ne masu cin fansho, ba za ta iya ciyar da fasto da iyalinsa ba, balle ta biya masa inshorar lafiya, wadda ke da tsada ƙwarai a Amurka. A ƙauyukan kudancin ƙasar an daɗe da sanin manomi mai wa'azi, wanda ke bayan garma daga Litinin zuwa Asabar. Har akwai zamanin da fasto ɗaya kan riƙe majami'u huɗu, kowace ta samu wa'azi Lahadi ɗaya a wata. Tushen abin kuma yana cikin Littafi Mai Tsarki, domin a Ayyukan Manzanni 18:3 Bulus ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti yana ɗinkin tanti don ya ci da kansa.

Akwai wani gefe da nake so Mama Rifkatu ta duba. Faston da tuwonsa gaba ɗaya yake hannun dattawa uku ko huɗu masu kuɗi a ikilisiya yakan auna kowace kalma kafin ya hau mumbari. Wanda yake da wata hanyar abinci ya fi samun ƙarfin halin faɗin abin da ba a son ji. Na ga haka da idona a cikin abokan aikina.

Mama_Rifkatu:
Rabaran, na yarda da batun Bulus, amma tanti ba ya ɗauke da sunan kowa. Da fastonsu Ishaya kafinta ne ko direban motar makaranta, da ban ce komai ba. Matsalata da wannan sana'ar ce kawai, domin jarinta shi ne labarin mutanen da yake yi wa addu'a.

Dr_Hannatu_Tarihi:
Haɗa mumbari da maɗaba'a tsohon abu ne a tarihin Baptis na Amurka, kuma misalin da ya fi dacewa da wannan muhawara shi ne John Mason Peck. An haife shi a Konetikat a 1789, aka tura shi St. Louis a matsayin ɗan mishan a 1817, lokacin da yankin ya kasance bakin iyakar ƙasar ta yamma. Bayan hukumar da ta aiko shi ta janye tallafinta, sai ya koma wata gona a Rock Spring ta jihar Ilinoi a 1822, wata ƙungiyar mishan ta Masacuset tana ba shi dala biyar a mako. Da wannan ɗan kuɗi da abin da gona ta bayar ya riƙa hawa doki yana zagaya ƙauyuka, yana kafa makarantun Lahadi da ƙungiyoyin rarraba Littafi Mai Tsarki. A 1827 ya buɗe makaranta a gonar tasa, wadda daga baya ta koma Upper Alton ta zama Kwalejin Shurtleff, sannan a 1829 ya fara buga jarida mai suna Pioneer a nan Rock Spring.

Dalilinsa a bayyane yake: doki ba ya kai mutum ƙauye hamsin a mako guda, amma takarda tana kaiwa. Kuma tun kafin jaridar ya riga ya tsoma hannu a harkar jama'a. A 1823 da 1824 an yi yunƙurin kiran taron sake tsarin mulkin Ilinoi don a buɗe ƙofar bautar da bayi, Peck ya tsaya tare da Gwamna Edward Coles yana haɗa kan masu wa'azi da manoma a kan su ƙi, kuma a ƙuri'ar watan Agusta 1824 aka kayar da yunƙurin. Abin lura shi ne, cikin waɗanda suka fi tsananta masa har da 'yan'uwansa Baptis irin su Daniel Parker, waɗanda suke ganin ƙungiyoyin mishan da makarantun horar da fastoci ƙirƙirar mutum ce da ba ta da tushe a Nassi. Wato tun wancan lokaci fasto mai alƙalami yana shan suka daga cikin gida.

Bulus_Gindiri:
Dakta, ba wannan ne faston Baptis ɗin da aka harbe yana kare injin buga jaridarsa a Alton ba?

Dr_Hannatu_Tarihi:
A'a ɗan'uwa, wancan Elijah Lovejoy ne, kuma shi limamin Firesbiteriyan ne, ba Baptis ba. Shi ne editan Alton Observer, kuma an kashe shi a ranar 7 ga Nuwamba 1837 bayan an riga an lalata masa injuna har sau uku saboda rubutunsa a kan bauta. Peck ya rayu har 1858. Ya kamata in ƙara cewa duk da ƙin bautar da Peck ya yi, bai goyi bayan masu neman a soke ta nan take irin su Lovejoy ba, yana ganin zafinsu ya yi yawa. Ina jin wannan ma yana cikin amsar tambayar Ishaya, domin mutumin da zai koma ya tsaya gaban jama'a ɗaya kowace Lahadi yakan rubuta da taka-tsantsan fiye da wanda babu ikilisiya a wuyansa. Wani zai kira wannan hikima, wani zai kira shi ja da baya, ni kuma a kan batun bauta ina ganin Lovejoy ne ya fi kusa da gaskiya.

Garba_Atlanta:
Ni Musulmi ne, amma shekaruna goma sha ɗaya a Jojiya sun sa na san waɗannan majami'u na karkara, kuma ina so a tuna cewa tarihin nan yana da fuska biyu. A Ogasta ta wannan jiha aka kafa Babban Taron Baptis na Kudu a 1845, kuma abin da ya raba su da na arewa shi ne ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Sai a 1995 suka fito suka nemi gafara a kan haka. Fastoci fararen fata da yawa masu alƙalami a hannu sun yi amfani da shi wajen kare bauta, daga baya kuma wajen kare wariyar launin fata, wasu kuma suka yi shiru don kada su rasa mumbari.

A ɗaya fuskar akwai Rabaran George Lee na garin Belzoni a Misisipi. Shi ba editan jarida ba ne, amma faston Baptis ne baƙar fata mai kantin kayan masarufi da ƙaramin injin ɗab'i, kuma da wannan injin ya riƙa buga takardun kiran baƙaƙe su yi rajistar zaɓe. Shi da abokinsa Gus Courts suka kafa reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a garin, suka sa kusan mutum ɗari suka yi rajista a gundumar da aka daɗe da hana baƙaƙe ƙuri'a. A daren 7 ga Mayu 1955 aka harbe shi a cikin motarsa. Shugaban 'yan sandan gundumar ya ce darmar da aka samu a muƙamuƙinsa cikon haƙori ce, kuma ba a hukunta kowa ba. Abin da Rabaran Yohanna ya faɗa ya tabbata a kansa, domin kantinsa da injinsa ne suka sa babu farin da zai kore shi daga aiki don ya rufe masa baki. Da suka rasa wannan hanyar sai suka ɗauko bindiga.

Mama_Rifkatu:
Allah ya saka wa Malam Garba da Dakta, na ƙaru. Amma ku lura, duk misalan da kuka kawo na fasto ne da ya fuskanci masu ƙarfi, irin yadda annabi Natan ya fuskanci Dawuda. Wannan ban ƙi shi ba. Yaron da Ishaya ya ba mu labarinsa ba sarki ba ne. Kuma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi wadda ba a taɓa ba tukuna: abin da aka faɗa wa fasto a asirce fa? Mace ta zo tana kuka ta ce mijinta, wanda yake riƙe da kuɗin gunduma, yana taɓa abin da ba nasa ba. Da wane kunne ya ji wannan magana, na fasto ko na edita?

Ishaya_Kentaki:
Mama, wannan tambayar na taɓa yi masa ita da bakina wata rana da na raka shi gaida mara lafiya. Ya ce ƙa'idarsa ɗaya ce tun da ya fara: abin da ya shigo ta ƙofar coci ba ya fita ta ƙofar jarida, abin da kuma ya shigo ta ƙofar kotu ko majalisa ba ya ɓoye shi saboda coci. Ya ba ni misali ba tare da ya kama suna ba. Shekarun baya wani manaja a masana'antar ɗinki ɗaya tilo da ke garin ya zo masa neman addu'a, domin ya san za a rufe masana'antar bayan wata huɗu kuma an hana shi faɗa wa ma'aikata. Fasto ya riƙe maganar a cikinsa har kamfanin ya sanar da kansa. Ya ce a cikin watannin nan ya ga wani memban cocinsa mai aiki a wurin ya ci bashin banki ya sayi sabuwar mota, kuma abin da ya iya yi kawai shi ne ya ce masa ya ɗan dakata, ba tare da ya faɗi dalili ba. Mutumin bai dakata ba. Ya ce har yau wannan motar tana zuwa masa a rai.

Tsohon_Wakili_Zariya:
To a nan kam dole in koma gefen Mama Rifkatu, ko da yake ta wata hanya dabam. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a matsayinsa na fasto ya yi abin da ya kamata. Amma a matsayinsa na edita ya bar masu karatunsa cikin duhu a kan labarin da ya fi kowane muhimmanci a shekarar, labarin da ya shafi abincin ɗaruruwan gidaje. Editan da ba fasto ba, da ya ji ƙishin-ƙishin, da ya bi diddigi ta wata hanya har ya tabbatar. Shi kuwa an ɗaure masa hannu, domin ko da ya samo labarin daga wani wuri, manajan zai ɗauka amanarsa aka ci. Saboda haka asarar tana faɗawa ɓangare biyu: a batun yaron ikilisiya ce ta ji ciwo, a batun masana'anta kuma gari ne ya ji.

Saratu_Kagoro:
Ni 'yar fasto ce, kuma babanmu ya yi shekara talatin a ƙauyukan kudancin Kaduna yana noman citta da masara don ya biya mana kuɗin makaranta. Bai taɓa buga jarida ba, amma shi ne mai rubuta wa rabin ƙauyen wasiƙa, shi ne mai karanta musu takardar kotu da ta asibiti. Nauyin da na gani a fuskarsa shi ne irin wanda Yaya Ishaya ya kwatanta, na mutumin da ya san abin da bai isa ya faɗa ba. Abin da ban ji an ambata ba shi ne matar irin wannan mutum da 'ya'yansa. Idan an ji haushin wa'azi, su ake yi wa fuska a kasuwa. Idan kuma ga jarida a kan wa'azin, to fushin ya ninka.

Rabaran_Yohanna:
Gaskiya ne 'yata Saratu. Kuma tunda an taɓo gida, kada mu manta cewa jaridar farko a Najeriya limamin coci ne ya kafa ta. Henry Townsend, ɗan mishan na Angilikan, shi ya fara buga Iwe Irohin a Abekuta a 1859, ana sayar da ita wuri 120. Baptis kuwa sun riga sun shigo ƙasar Yarabawa tun 1850 ta hannun Thomas Bowen, wanda wannan Babban Taron na Kudu da Malam Garba ya ambata ne ya aiko shi. Na kawo wannan ne don a ga cewa inda masu karatu suka yi ƙaranci, wanda ya iya alƙalami shi ake ɗora wa komai. A ƙaramin garin Amurka na yau ba masu karatu ne suka yi ƙaranci ba, masu yarda su ɗauki wahalar ne.

Amina_Medill:
Wannan magana ta ƙarshe ta Rabaran ita ce zuciyar lamarin a yau. Binciken da makarantar koyon aikin jarida ta Medill a Jami'ar Northwestern take fitarwa ya nuna cewa Amurka ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta tun daga 2005, mafi yawansu na mako-mako ne, kuma gundumomi fiye da 200 ba su da wata kafar labarai ta gida ko ɗaya. Kuɗin irin waɗannan jaridu daga tallan kantunan gari yake fitowa, da sanarwar hukuma da doka ta wajabta a buga, da kuɗin masu biyan shekara. Manyan kantuna sun kashe ƙanana, ƙananan tallace-tallace sun koma Facebook, matasa kuma sun tafi birane. Saboda haka a garin su Malam Ishaya zaɓin da ke ƙasa ba tsakanin edita fasto da edita wanda ba fasto ba yake. Idan dattijon nan ya ajiye, mai yiwuwa ne zaman majalisar daren Litinin ya koma ana yinsa babu wanda ke rubutawa.

Kuma aikin yana da haɗarinsa har gobe. A watan Agusta 2023 'yan sanda sun kutsa ofishin jaridar Marion County Record a wani ƙaramin gari na jihar Kansas, suka kwashe kwamfutoci da wayoyi, suka shiga har gidan mai jaridar, washegari mahaifiyarsa mai shekara 98, wadda suka mallaki jaridar tare, ta rasu. Daga baya mai gabatar da ƙara ya janye takardar izinin binciken saboda babu isasshiyar hujja.

Garba_Atlanta:
Malama Amina, na ji hujjar rashin madadi, amma ina da damuwar wanda yake wajen cocin. Jaridar gunduma ta kowa ce, har da ɗan Katolika, da wanda ba ya zuwa coci, da likita Musulmi da aka turo asibitin garin. Idan aka zo batun da cocin edita take da matsayi a kansa, wa zai tabbatar mana cewa za a ji kowane ɓangare? A Kentaki, alal misali, doka ta bar wa gundumomi da garuruwa su yanke da ƙuri'a ko za a sayar da giya a cikinsu, kuma kowa ya san inda fastocin Baptis suke tsayawa a kan wannan. Ni kaina ba na son a sayar, amma ina tambaya ne a kan adalcin shafin jarida.

Ishaya_Kentaki:
Malam Garba, an yi wannan ƙuri'ar a garinmu kafin zuwana, kuma na nemi tsofaffin fitowar jaridar a ɗakin karatu na gari na duba. A sharhin edita ya fito fili ya ce yana adawa da sayarwa, ya sa sunansa a ƙasa. A shafin wasiƙu kuma ya buga na masu goyon baya, har da wadda ta kira shi da suna ta ce ya mai da jarida mumbari. Ya kuma karɓi tallan ɓangarorin biyu a kan farashi ɗaya. An ce wasu dattawan cocin sun ji zafin ganin tallan masu son giya a jaridar fastonsu fiye da yadda masu son giyan suka ji zafin sharhinsa.

Dr_Hannatu_Tarihi:
Wannan hali yana da asali a koyarwar Baptis ta farko, ko da yake ba kowane ɗan Baptis na yau ne yake riƙe da ita ba. Su ne aka ɗaure a Bajiniya kafin samun 'yancin Amurka saboda wa'azi ba da lasisin hukuma ba, shi ya sa suka zama kan gaba wajen neman a raba coci da gwamnati. Wasiƙar da Thomas Jefferson ya yi maganar katanga tsakanin coci da hukuma a 1802, ga ƙungiyar Baptis ta Danbury ya rubuta ta. Gyaran farko na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, a jimla ɗaya ya haɗa 'yancin addini da 'yancin faɗin albarkacin baki da na 'yan jarida. Faston da ya san wannan tarihin ya san cewa damar da aka ba mai sukarsa a shafin wasiƙu ita ce damar da kakanninsa suka sha ɗauri a kanta.

Mama_Rifkatu:
Na karanta duka, kuma na sassauta a kan abu ɗaya: tunda sunan kowa ake bugawa, cire na yaron zai zama son kai. Amma ban sauka daga matsayina ba. Da ni ce matarsa, da na roƙe shi ya samu wani ya riƙa haɗa shafin kotun, ko da shi ne zai ci gaba da sauran. Kuma da na so a ce ya je gidan kafin jaridar ta fito, ba bayan ta fito ba. Matta 18:15 ta ce ka je wurin ɗan'uwanka tsakaninka da shi kaɗai tukuna. Daren Talata yana da sunan a gabansa, kuma gidan bai fi tafiyar minti goma ba.

Tsohon_Wakili_Zariya:
Mama, a aikinmu akwai dalilin da ya sa ake gudun haka, domin idan ka je kafin a buga, roƙo za a yi maka, uwa ta durƙusa a gabanka, kuma ƙin da za ka yi a lokacin ya fi ciwo. Duk da haka ina ganin kin fi ni gaskiya a wannan gaɓar. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tunda ya karɓi zama fastonsu, wannan zaman mai ɗaci na daren Talata yana cikin aikinsa.

Ishaya_Kentaki:
Na gode muku ƙwarai iyaye da 'yan'uwa. Batun a samu wani ya haɗa shafin kotu, ma'aikatan jaridar su biyu ne kacal, shi da wata dattijuwa mai kula da talla da lissafi, ita kuma ƙanwar kakar yaron ce. Shekara biyu ke nan yana neman wanda zai karɓi jaridar ko da kyauta ne, bai samu ba. Jiya Laraba uwar yaron ta zo taron addu'a ita kaɗai, ta zauna a bencin baya, ta fita kafin a yi addu'ar rufewa. Uban bai zo ba, kuma shi ne mai riƙe da littafin baiko, don haka makonni biyar ke nan wani ne ke ƙirgawa a madadinsa. Ranar Lahadi ta farkon wata akwai taron harkokin ikilisiya bayan sujada, kuma na ji ana cewa za a ta da maganar. Ni ma memba ne mai ƙuri'a. Rabaran Yohanna, idan aka ba da dama a yi magana, ya dace baƙo irina da bai fi shekara uku a cikinsu ba ya miƙe, ko in bar wa waɗanda kakanninsu ke kwance a maƙabartar bayan cocin?